Tuɓe Rawani

Ya kai mai karatu, kullum kana tuɓe riga, kana tuɓe takalmi. To, ka san ana tuɓe sarki?

Ga asalin maganar. Ranar sarauta, rawani ake naɗa wa mutum. Shi ya sa muke cewa an naɗa sarki. In aka raba shi da rawanin, sai a ce an tuɓe shi.

A Tsibiri, Taran Gobir ke zaɓen Sarkin Gobir. A Maraɗi kuwa, Galadima da Ƙaura da Durɓi da 'Yandaka ne. A da, hannun da ya naɗa yana iya tuɓewa. A ƙarshen ƙarni na 19 Ƙaura Hasau ya yi ƙarfi ƙwarai, har Sarki Mijinyawa ya bar Maraɗi ya koma Tasawa.

Da Nasara suka zo, sai ikon ya koma hannunsu. A 1906 Faransawa suka tuɓe Amadu Ɗan Basa, Sarkin Damagaram. Ko bayan samun mulkin kai abin bai tsaya ba. A 2001 gwamnati ta tuɓe Sarkin Damagaram Abubakar Sanda, a 2011 aka mai da shi.

Kada ka haɗa tuɓewa da murabus. Mai murabus shi ke ajiye rawani, kamar Sarkin Kano Sanusi a 1963, ko da matsa masa aka yi. Shugaban ƙasa kuwa ba naɗa shi ake ba. Da soja suka kau da Diori Hamani a 1974, cewa aka yi sun hamɓare shi.

In ka ji an tuɓe sarki, tambayi wanda ya tuɓe shi. Nan za ka gane mai iko a ƙasa.