Oyedepo da Kaduna: zare daga tsallaken gada

1/ Duk sanda sunan Bishop David Oyedepo ya taso a nan, sai in ga yaranmu suna cewa "wancan faston na Legas". Ni kuwa a Barnawa na tashi, da kiɗan cocinsa a kunnena kowace Lahadi. Cocin nan a Kaduna ta yi rarrafe. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo.

2/ An haife shi a 1954, ɗan Omu-Aran ne a jihar Kwara, zanen gine-gine ya karanta a Ilori. Ya ce a Mayun 1981 ya ga wahayin awa 18 cewa ya je ya 'yanta mutane da wa'azi. A Satumban 1983 Fasto Adeboye ya naɗa shi, a Disamba Living Faith ta fara ibada a Kaduna da mutane ƙalilan.

3/ Ku tuna wace Kaduna ya tarar. Kudancin kogi ne ke ciyar da garin: masaƙun Kakuri irin su KTL da aka buɗe a 1957 da UNTL, ga kamfanin Peugeot, ga matatar mai. Bahaushe, Bayarabe, Ibo, Bajju, Tibi, gidan haya ɗaya, famfo ɗaya. Babana ma a masaƙa yake aiki.

4/ Sai SAP ɗin Babangida ya zo a 1986. Naira ta faɗi, albashi ya daina kai wata, aka fara rage ma'aikata. A daidai lokacin ga matashi da kwat yana cewa talauci ba rabonka ba ne: ka yi imani, ka fitar da ɗaya cikin goma, ka tashi ka nema. Wanda aka sallama jiya dole ya tsaya ya ji.

5/ A 1988 Benson Idahosa ya naɗa shi bishop. A 1989 ya koma Legas, David Abioye ya riƙe Kaduna, babbar cocinsu ta Garden of Faith kuma tana nan a Barnawa. A 1999 ya buɗe coci mai kujeru 50,000 a Ota, a 2002 jami'ar Covenant. A 2011 Forbes ta ƙiyasta dukiyarsa dala miliyan 150.

6/ Gardamar farko a kansa tsakanin Kiristoci ta tashi, ba ruwan Musulmi. A tsakar gidanmu na sha ji. Wani dattijo ɗan ECWA ya ce an mai da bishara kasuwa: talaka ya zuba baiko, fasto ya hau jirgi.

7/ Maƙwabciyarmu, wadda muke kira Mama, 'yar Winners ce. Ta ce masa: "Baba, lokacin da aka sallami maigidana, ina kuke? A can aka hana shi kwalba, aka ce ya kama sana'a." Dattijon ya yi shiru, amma bai canza ra'ayi ba. Ita ma haka.

8/ Ana haka garin na tsagewa. Rikicin Kafanchan 1987 ya taɓa mu, na Zangon Kataf 1992 ya shigo gari. Sai Fabrairun 2000, rikicin Shari'a. Sai Nuwamban 2002, na Miss World. Kirista ya koma Sabon Tasha da Television da Romi, Musulmi ya nufi Rigasa da Tudun Wada da Kawo. Kogi ya zama iyaka.

9/ A 2000 ɗin nan Mama ce ta kulle mu a ɗakinta kwana biyu, ni da ƙannena da Ummanmu, sitikar Winners manne a ƙofar. Bayan nan muka haye gada, ba mu koma ba. Shi ya sa in na ji ana yi wa 'yan cocin nan kuɗin goro, bakina kan yi nauyi.

10/ To, siyasa. A Janairun 2015, ana dab da zaɓe, Jonathan ya je ibada cocinsa a Ota. Shekara takwas na Buhari kuwa mumbarinsa bai huta da suka ba. A Disamban 2018 har ya ɗauko maganar Jibrin na Sudan, daga wani rubutun zambo na jaridar The Nation. Wallahi wannan ya zubar masa da ƙima a idon da yawanmu.

11/ Amma ga hoton da ba a cika yaɗawa ba: Oktoban 2018, Abeokuta, sulhun Obasanjo da Atiku. Wa ke wurin? Oyedepo, Bishop Kukah, da Sheikh Ahmad Gumi na nan Kaduna. Ɗan takarar da aka taru dominsa ranar Musulmi ne, Bafulatani. Wanda ya ce lissafin mutumin nan addini ne zalla, ya bayyana mana wannan hoton.

12/ Sai 2023. Peter Obi ya je taron Shiloh a Disamban 2022, coci ta ɗauki sowa. A Afrilu Peoples Gazette ta saki muryar nan ta "Yes Daddy", inda aka ji wani yana kiran zaɓen yaƙin addini. Obi ya ce ta bogi ce. Oyedepo ya ce bai taɓa yi wa kowa kamfen ba. Kowane tsallake ya gaskata abin da ya zo da shi.

13/ Ɗan Sabon Tasha zai ce maka: lokacin da ake binne mutane a Kudancin Kaduna, wa ya ɗaga murya in ba irinsu ba? Ɗan Rigasa zai ce: muryar ta yi zafi, kuma bai ji ta haka ba da ake binne namu a Birnin Gwari da Zamfara. Na zauna da duka biyun, kowa da gawar da yake ƙirgawa.

14/ Mu ma fa a gyara zama. A 2023 namu mumbarin an yi tallar tikitin Musulmi da Musulmi, kuma kun ga bidiyon El-Rufa'i gaban malamai yana bayani a kai. In laifi ne fasto ya karkata ƙuri'a, laifi ne malam ya karkata. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

15/ Ra'ayina: ya gina makarantu, ya sa dubban mutane sun yarda da kansu, wannan ba a ƙwace masa. Amma mai mabiya miliyoyi, a ƙasar da kalma ɗaya ke ƙona unguwa, ana binsa bashin taka-tsantsan, kuma ba kullum ya biya ba. Wanda ya yi shekaru a Kaduna ya fi kowa sanin haka.

16/ KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi a 2007. Inda iyayenmu ke haɗuwa kullum ya mutu, coci da masallaci suka cika, kowanne a nasa tsallaken. Mama ta rasu, ban samu zuwa jana'izarta ba, har yau abin na ci na. 'Yan Barnawa da Kakuri na da, ku faɗa min abin da kuka tuna. Ban da zagi, don Allah.