Me Ya Sa Digiri Ɗaya Yake Minti 60? Tarihin Lambobin Taswira

 Yau za mu duba lambobin nan da waya take nunawa idan ka tura wa wani wurin da kake, wato latitud da longitud. Wani zai rubuta 8°31', wani kuma 8.52. Me ya raba su?

Labarin ya faro ne daga Babila, Iraƙi ta yau. Mutanen can da 60 suke lissafi, shi ya sa har gobe digiri ɗaya yake minti 60, minti ɗaya kuma sakan 60, kamar dai agogo. Wajen shekara ta 150 miladiyya, Batalimus na Iskandariya ya jera wurare kusan 8,000 da lambobinsu. Wajen 833 kuma, Al-Khawarizmi ya gyara aikin a Bagadaza cikin littafinsa Suratul Ard, shi ma da digiri da minti.

To amma daga ina za a fara ƙirga longitud? Manyan ƙasashe kowa da nasa layin. A 1884 ƙasashe 25 suka zauna a Washington, 22 suka zaɓi Greenwich ta Ingila. Faransa ta ƙi jefa ƙuri'a, ta ci gaba da ƙirgawa daga Paris, wadda take 2°20'14" gabas da Greenwich. Don haka in ka samu tsohuwar taswirar Nijar da Faransawa suka zana, fara duba daga inda ta ƙirga. A wajen Damagaram wannan bambancin ya haura kilomita 250.

Da kwamfuta da GPS suka zo, sai aka fi rubuta digiri da ɗigo, don na'ura ta fi jin daɗin lissafin goma-goma. Juyawar ba wuya: ka raba minti da 60, ka raba sakan da 3,600, ka tara su da digirin. Kano tana kusan 8°31' gabas. 31 a raba da 60 ya ba da 0.52, ka ga ta zama 8.52. In za ka koma, sai ka ninka abin da ke bayan ɗigo da 60. Kudu da yamma kuma alamar ragi ake sa musu a gaba.

Ga inda matsalar take fa. Wanda ya ga 8°31' ya kwafe shi 8.31, ya kauce da fiye da kilomita 20. Mu matasa masu bibiyar ayyukan mazaɓu, ko masu kai rahoton ambaliya, wannan ya shafe mu kai tsaye. Ka ce an bar rijiyar burtsatse ba a gama ba, a bi lambarka a tarar da gonar wani, shi ke nan an samu hujjar ƙaryata ka. Kafin ka tura lamba, duba wane tsari ne, ka buɗe ta a taswira ka tabbatar.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.