Jinga, La'ada da Kuɗin Zama: Yadda Lauya ke Karɓar Haƙƙinsa a Ƙasar Kazaure

Ranar da na fara gaya wa wani ɗan kasuwar riɗi daga Babura cewa zan lissafa masa kuɗina da awa, sai ya ɗaga hularsa ya sosa ƙeya, ya ce, "Barista, idan ka yi nawa, ni zan biya kuɗin nawarka? Faɗa mini gaba ɗaya, mu yi jinga." Ban sake kawo wa kowa zancen awa ba.

Sayar da awa ɗabi'ar Amurka ce, can ma ba tsohuwa ba ce. Wani lauyan Boston, Reginald Heber Smith, shi ya yaɗa rubuta lokacin da aka ɓata kan kowane aiki. Abin ya kankama bayan 1975, lokacin da kotun ƙolinsu ta haramta wa ƙungiyoyin lauyoyi ƙayyade mafi ƙarancin farashi. Yau manyan kamfanoninsu na neman hanyar kuɓuta daga agogon, suna komawa ga abin da manomin Gwiwa ya sani tun kaka da kakanni: a duba gona, a yanke kuɗin nomanta, a tafa.

Mu nan ta wata ƙofa muka shigo. A zamanin En'e lauya ba ya tsayawa gaban alƙali. Mai ƙara ya zo da bakinsa, ko ya naɗa wakili, in rabon gado ne a cire ushira, kashi ɗaya cikin goma. Dillali kuma yana da la'adarsa. Saboda haka da lauyoyi suka fara biyo hanyar Daura daga Kano, musamman bayan an ƙirƙiri Jihar Jigawa a 1991, sun tarar da mutane sun saba da kaso, kuma a wannan ma'aunin aka auna su. Takardar cinikin fili ko hayar shago, kaso ne daga kuɗin. Rajistar kamfani, jinga ce. Karɓo bashi, sai kuɗi ya fito a cire rabonka. Dokar sana'armu ta yarda da haka a shari'ar haƙƙi, ta hana ga mai kare wanda ake tuhuma da laifi. Masu gidajen mai da 'yan kwangila kaɗan ne ke biyan kuɗin shekara don lauya ya zama nasu.

Amma kada mu wanke kanmu. Muna da namu agogon, sunansa kuɗin zama. Duk ranar da aka shiga kotu, a ba lauya na mota da na tsayuwa, ko da minti biyar aka yi aka ɗage. Na ga wani dattijo daga Roni yana warware kuɗi daga gefen rawaninsa a bakin kotu, zama na tara kan rikicin shago, ba a saurari shaida ko ɗaya ba. Wanda ake biya duk ranar da aka ɗage shari'a, me zai sa ya yi gaggawa? Jinga ma tana da nata ciwon, sai dai lauya take ci: ka yanke kuɗi kana zaton wata uku, shari'a ta kai shekara uku, fetur ya ninka.

A watan Mayun 2023 aka fitar da sabuwar dokar kuɗin lauyoyi da sa hannun Ministan Shari'a na wancan lokacin, Abubakar Malami. Ta raba jihohi aji uku, Legas da Abuja a sama, ta ƙayyade mafi ƙarancin abin da za a karɓa, har da farashin awa, ta kuma wajabta rubuta yarjejeniya da mai aiki. Wato abin da Amurka ta rushe shi muka gina. A ofishina abin da na ɗauka da gaske shi ne rubutun. Yanzu nakan raba shari'a gida uku, shigar da ƙara, sauraron shaidu, hukunci, kowane da kuɗinsa a takarda, ɗagewa kuma a wuyana take. Mai riɗin nan ya sa ɗansa ya karanta masa takardar sau biyu, sannan ya nemi ragin dubu ashirin.