Yadda Maori Suka Karɓe Ragamar Karatun 'Ya'yansu

Wata doka ta 1867 ta kafa wa al'ummar Maori ta Niyu Zilan makarantun da Turanci ne harshen koyarwa, inda yara da dama sun sha bulala don sun yi magana da harshen gida. Zuwa shekarun 1970, galibi sai a bakin tsofaffi ake jin harshen.

Don farfaɗo da harshen, a 1982 aka buɗe Kōhanga Reo, wato "sheƙar harshe", ta farko a Wainuiomata. Kakanni ke zama da ƙananan yara, hira da waƙa duk da harshen Maori zalla, kuma iyalai ne ke da ta cewa, abin da ya fi komai muhimmanci ke nan. Firamare irin tasu ta biyo baya a 1985. Littafin da marubuciya Linda Tuhiwai Smith ta fitar a 1999 ya kai irin wannan batu jami'a, wato ikon al'umma bisa binciken da ake yi a kanta.