Tasirin Niƙa a Awon Gari da Haske

Haske na ratsa gilashi, amma a daka shi ya zama gari, sai ya koma fari fat. Sinadarinsa bai sauya ba. Kowane ɓarɓashi ne ya zama ɗan madubi mai karkatar da haske. Nan ne tushen wahalar duk mai awon gari da hasken infirared ko na'urar Raman.

Awon infirared ya dogara da cewa ƙwayoyin atam da ke haɗe a cikin sinadari kullum girgiza suke, kowane haɗi da nasa sauri, kuma yana shanye hasken da ya dace da saurin. Farar ƙasa irin ta Ƙanƙara, alal misali, ana shaida ta da tudai biyu a kan takardar sakamakon awo, kusa da 3695 da 3620 cm⁻¹, alamar haɗin oksijin da haidurojin.

Sai dai a cikin gari haske ba ya miƙe hanya. Yakan yi ta karo da ɓarɓashi, ya juya nan ya juya can, wani ya fito da wuri, wani ya nutsa ya daɗe. Wanda ya daɗe ya fi shanyuwa. Ke nan tsayin tudu a kan takarda ba yawan sinadari kaɗai yake nunawa ba, har da nisan tafiyar da hasken ya yi. A 1931 Paul Kubelka da Franz Munk, suna nazarin fenti, suka nuna cewa hasken da ke dawowa daga abu mai kauri ya rataya ne ga shanyewa a raba da warwatsewa. A ganina nan ake yawan tuntuɓe: lissafin ba ya ba da shanyewa ita kaɗai. Gari iri ɗaya, niƙa biyu, amsa biyu.

Shi ya sa ake son ɓarɓashi ya gaza tsawon zangon hasken, wanda ke farawa daga maikuromita 2.5, sannan a sirka shi da gishirin KBr da ba ya shan wannan haske. Idan ba a sirka ba, yashin kwaz kan mayar da hasken daga fatarsa kusa da 1100 cm⁻¹, tudu ya kife ya zama rami. Niƙar ma tana da iyaka: in ta yi yawa takan rushe tsarin farar ƙasa, gishirin kuma ya tsotsi laima, tudun ruwa ya fito kusa da 3400 cm⁻¹.

A awon Raman, wanda aka gano a Kalkata a 1928, shanyewa galibi cikas ce. Gari mai duhu yana cinye hasken leza a shiga, ya cinye ɗan abin da zai fito, wani lokaci ma ya ƙone.

Don haka ɗalibin da zai kwatanta samfura biyu, ya rubuta minti nawa ya niƙa, kashi nawa ya sirka, da yadda ya danna garin a ƙoƙon awo. Sakamakon da bai zo da waɗannan ba, kada a gina hukunci a kansa.