Robar Hannun Babur a Fagge da Sabon Gari

Tun kafin a san ƙarfe mai gudu a ƙasar Kano, Fagge zangon baƙi ce a bayan ganuwa, inda Buzaye da fatake ke sauke raƙumansu, dukawa da maƙera kuma suna samun abinci wajen gyara musu kayan tafiya. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari saboda ma'aikata da 'yan kasuwan da suka zo daga Kudu, sai Allah ya ƙaddara wa unguwannin nan biyu maƙwabtaka, har duk wani abin hawa da zamani ya kawo, a tsakaninsu ake sayensa, a tsakaninsu kuma ake jinyarsa.

Keke ne ya fara shigowa, musamman Raleigh, kuma ma'abota hawansa ba su bar kansa haka nan ba, sai da suka naɗe shi da fata, suka rataya masa geza, kamar yadda barde ke ƙawata linzamin dokinsa. Babur kuwa bai yawaita ba sai da aka biya ma'aikata kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, lokacin da malaman makaranta da akawuna suka hau Honda da Suzuki da Yamaha. Amma asalin bunƙasar cinikin kayan gyara, bayan 1986 ne, yayin da darajar naira ta karye, kayan Japan suka gagari talaka, samari suka riƙi acaɓa sana'a, fataken Ibo na Sabon Gari, da yawansu mutanen Nnewi, suka shiga kawo kayan Taiwan, daga bisani na Sin.

A cikin kayan nan duka, babu wanda ake rainawa kamar robar hannu, alhali kuwa ita ce abin da ɗan acaɓa yake riƙe da shi tun daga asuba har bayan isha'i, cikin zafin bazara da hunturun da ke tsattsage fata. In ta yi tauri hannu ya yi kanta, in ta yi taushi ainun rana ta narka ta, ta riƙa manne wa tafi. Saboda haka mai hankali ba ya duban ƙyalli. Matsa ta yake yi da babban yatsa, ya kuma tabbata an ba shi biyu mabambanta, domin ta dama bakinta ya fi faɗi, tun da a kan bututun totur take zama, ta hagu kuwa a kan ƙarfe tsura.

Sa ta ma yana da ƙa'ida, wadda bakanike ya gada daga mai gyaran keke. Zai tsaga tsohuwar da reza, ya goge ƙarfen sarai, ya ɗiga fetur ko sholisho a cikin sabuwar, sa'an nan ya tura ta da tafin hannu kafin abin ya bushe. Wanda ya shafa baƙin mai don neman sauƙi, hakika ya ci amanar mahayi, domin robar za ta riƙa juyawa a lokacin da ake bukatar riƙo mafi ƙarfi. Gwanin ƙwarai ba ya karɓar ladansa sai ya murɗa totur ya saki, ya ji ya koma da kansa; in roba ta cije shi, sai a ja ta baya kaɗan.

A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa tawagar marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birnin Kano, kuma jama'a da yawa suka zaci cinikin robar hannu ya mutu. Sai dai A Daidaita Sahu mai ƙafa uku da ta gaji acaɓa ita ma da kai irin na babur ake tuƙa ta, totur ɗinta a hannun dama, don haka matuƙanta suka koma wa rumfunan nan na Fagge da Sabon Gari, suna neman robar da ta dace da hannunsu.