Tazarar da ke tsakanin Haɗejia da ɗakin dashen ƙoda

A 1954 likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, tsakanin wasu tagwaye a birnin Boston na Amurka. Najeriya ta jira har 2000, lokacin da asibitin St. Nicholas na Legas ya fara, sannan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Daga Haɗejia zuwa Kano tafiyar 'yan awanni ce. To me ya sa dashen ke yi wa mutanen fadamar kogin Haɗejia nisa, alhali yankin, har zuwa Gashuwa, ya yi ƙaurin suna da ciwon ƙoda?

Kuɗi ne babban shinge, amma tarihin makaranta ma yana da hannu. Turawa sun ci Haɗejia da yaƙi a 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Karatun da ya biyo bayan bindiga dole iyaye su yi ɗari-ɗari da shi. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Kano a 1909 kuwa, galibi 'ya'yan sarakuna da malamai ta ɗauka. Sai da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya zo ƙofa ta buɗe wa ɗimbin yaran ƙauye. Yawancin dattawan da ke noman rani da kamun kifi a yau sun riga sun wuce shekarun shiga aji ɗaya a lokacin.

Ciwon ƙoda ba ya sallama. Gwajin jini da na fitsari ne ke tona shi kafin ƙafafu su kumbura, kuma mai karatu ya fi saurin neman gwajin idan hawan jini ko ciwon suga ya kama shi. Shi ne ya fi jin labarin cewa majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta halatta dashe bisa sharuɗɗa a Jidda a 1988, da cewa dokar lafiya ta 2014 ta hana cinikin sassan jiki, wato ƙodar sai dai kyauta. Bayan aikin ma, akwai magungunan rage ƙarfin garkuwar jiki da ake sha kullum. Wanda ya ji sauƙi ya daina, jikinsa na iya ƙin sabuwar ƙodar.

Duk wannan bayani da Turanci yake zuwa. Manomin da ya sauke Alƙur'ani kuma yake rubuta ajami ba jahili ba ne. Idan takardar amincewa da jadawalin magani suka zo masa da Hausa, a boko da ajami da kuma saƙon murya, tazarar za ta ragu tun kafin ya hau motar Kano.